Bashi hanji ne, amma mutunci ba jingina ba ne

Akwai wani irin saƙo da ya zama ruwan dare a wayoyin 'yan Najeriya a 'yan shekarun nan. Yakan shigo daga lambar da ba ka sani ba, ɗauke da hoton ɗan'uwanka ko abokin aikinka ko maƙwabcinka, a ƙarƙashin hoton kuma an rubuta cewa ɓarawo ne, ɗan damfara ne, ya gudu da kuɗin kamfani, duk wanda ya gan shi ya yi hattara. Wani lokacin abin ya wuce haka, a haɗa hoton mutum da sanarwar rasuwarsa alhali yana raye, ko a ƙaga masa cutar da ba shi da ita, ko a ce da wanda aka turo wa saƙon shi ne ya tsaya wa mai bashin, don haka shi ma za a kama shi. Idan aka bi diddigi sai a tarar bashin da ake wannan tijara a kansa bai wuce naira dubu goma ko ashirin ba, kuma wa'adinsa kwana ɗaya ko biyu kacal ya wuce. Saƙon yakan je wa suruki, ya je wa shugaban wurin aiki, ya je wa limamin unguwa, ya je wa duk wanda lambarsa ke cikin wayar mai bashin. Kafin a kai ga tambayar ko ya biya ko bai biya ba, an riga an yanke masa hukunci, an kuma zartar.

Ba na cikin masu ganin cewa duk wanda ake bi bashi abin tausayi ne, mai binsa kuma azzalumi. Wanda ya ba da kuɗinsa yana da haƙƙin a mayar masa, cikakke kuma a kan lokaci, kuma al'ummar da ba a biyan bashi a cikinta ba da daɗewa ba za ta wayi gari babu mai ba wani aron ko allura. Abin da nake jayayya a kai shi ne iyakar wannan haƙƙi. Mai bin bashi yana bin dukiyar mutum ne: kuɗinsa, albashinsa, kayan da ya ajiye jingina. Ba ya bin sunansa, ba ya bin aurensa, ba ya bin aikinsa, ba ya bin kwanciyar hankalin iyayensa. Duk lokacin da ya miƙa hannu ga waɗannan, ya ɗauki abin da ba a ba shi ba, kuma ya naɗa kansa mai ƙara da alƙali da ɗan doka a zama ɗaya. Dokar ƙasa ba ta ba shi wannan iko ba, shari'ar Musulunci ba ta ba shi ba, kuma idan aka yi lissafi da kyau, ko ita kanta kasuwar bashi ba ta amfana da shi.

Sai an fahimci yadda manhajojin bayar da rance, masu turo waɗannan saƙonni, ke aiki kafin a gane cewa tozarcin nan ba ɓacin ran wani ma'aikaci ba ne, shi ne ginshiƙin sana'ar. Banki idan zai ba ka rance yakan nemi takardar albashi, ko jingina, ko wanda zai tsaya maka. Manhaja ba ta neman ko ɗaya. Lambar BVN take so, da hotonka, da izinin shiga jerin lambobin da ke wayarka, wani lokacin har da hotuna da saƙonni. Cikin minti biyar kuɗi sun shigo. Mai hankali zai tambaya: me ya sa mutumin da bai taɓa ganinka ba zai ba ka kuɗi ba tare da ya bincika ko za ka iya biya ba? Amsar ita ce ya riƙe jingina, kai ne dai ba ka san ka ba shi ba. Jinginar ita ce kunyarka. Ya san cewa mutum zai sayar da wayarsa, ya ci wani bashin, ya kwana da yunwa, da a ce da surukinsa ɓarawo yake wa 'yarsa aure. A ƙasar Hausa kuwa, inda kunya take da daraja har ana yaba mutum da ita, inda magana ɗaya kan iya rusa neman aure ko ta zubar da amanar da ɗan kasuwa ya shekara ashirin yana ginawa, wannan jingina ta fi fili tsada. Ga kuma kuɗin ruwan. A ɗauka mutum ya karɓi naira 20,000 zai biya 26,000 bayan mako guda. Kashi 30 cikin ɗari ke nan a kwana bakwai, wanda idan aka ninka shi sau makonni 52 ya haura kashi 1,500 a shekara. Wanda ya rasa naira 20,000 ranar Litinin, ina zai samo 26,000 Litinin mai zuwa? Sai ya buɗe manhaja ta biyu ya biya ta farko, ta uku ta biya ta biyu, har ranar da igiyar za ta tsinke, saƙonni su fara yawo.

Hukumomi sun daɗe da sanin wannan. A watan Agustan 2021 hukumar bunƙasa fasahar zamani, NITDA, ta ci kamfanin Soko Lending tarar naira miliyan 10 saboda kutsawa cikin bayanan masu cin bashi da aika saƙonni ga mutanen da ke cikin wayoyinsu. A watan Maris na 2022 hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya da hidima, FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa, ta jagoranci samame tare da ICPC da NITDA da 'yan sanda a ofisoshin wasu kamfanonin a Ikeja ta jihar Legas, aka kuma rufe wasu asusunsu na banki. A watan Agustan shekarar hukumar ta fitar da ƙa'idojin wucin gadi da suka tilasta wa duk mai ba da rance ta intanet ya yi rajista. Kamfanin Google, daga ƙarshen watan Mayun 2023, ya hana manhajojin rance da ke rumbunsa na Play Store taɓa lambobin waya da hotunan masu amfani da su. A watan Yunin 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC, ta kuma tanadi tarar da kan kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara ga manyan masu riƙe da bayanai, duk wanda ya fi yawa. A 2025 FCCPC ta maye gurbin ƙa'idojin wucin gadin da cikakkun dokoki, masu tarar da kan kai naira miliyan 100. Na jero waɗannan ne don mai karatu ya ga cewa maganar ba ra'ayin marubuci ba ce kawai. Abin da ake yi masa ko ake yi wa ɗan'uwansa laifi ne da gwamnati ta riga ta kira laifi, ta taɓa hukunta wasu a kai.

Tun ma kafin zuwan manhajoji, tanadin yana nan. Sashe na 34 na tsarin mulkin 1999 ya kare mutuncin ɗan Adam, sashe na 37 ya kare sirrinsa, har da na wasiƙunsa da hirarsa ta waya. Kundin Final Kod da ake aiki da shi a Arewa ya sanya ɓata suna da tsoratarwa cikin laifuffuka, kuma babu inda ya ce an yafe wa wanda yake bin bashi. Ƙa'idojin kare abokan hulɗa da Babban Bankin Najeriya ya fitar a 2019 sun fi fito da abin fili: cibiyar kuɗin da ke ƙarƙashinsa ba ta da damar kiran mai bashi ko zuwa wurinsa tsakanin ƙarfe 9 na dare da 8 na safe sai da yardarsa, ba ta da damar tuntuɓar 'yan'uwansa ko abokansa ko maƙwabtansa ko wurin aikinsa sai don neman adireshi ko lambar waya ko tabbatar da yana aiki, in ba wanda ya tsaya masa ba ne. Irin wannan iyaka ba mu muka ƙirƙiro ta ba. Amurka, ƙasar da kusan kowa yake rayuwa da bashi, ta kafa dokarta ta hana cin zarafin masu bashi tun 1977, kuma harkar rance ba ta mutu a can ba.

Hujjar farko da masu manhaja suke kawowa ita ce yarda. Sukan ce babu wanda aka tilasta wa, shi ya sauke manhajar da hannunsa, shi ya danna cewa ya amince da sharuɗɗa, kuma a cikin sharuɗɗan an rubuta cewa za a iya tuntuɓar mutanensa. Wannan hujja tana da rauni ta fuskoki da dama, amma wanda ya fi girma shi ne cewa lambobin da ke cikin wayar mutum ba nasa ba ne. Lambar mahaifiyarsa tata ce, lambar malaminsa ta malamin ce. Su ba su sauke komai ba, ba su danna komai ba, ba su ci ko sisi ba, amma ga shi ana kiransu da tsakar dare ana zaginsu. Ba wanda zai iya bayar da yarda a madadin mutum ɗari uku da ba su san ana yi ba. Shi kansa mai cin bashin, yardar da ya bayar wace iri ce? Dokar 2023 ta ce yarda sai ta zama an bayar da ita bisa zaɓi, bisa sani, kuma don wata manufa takamaimiya. Shafuka goma na Turancin lauyoyi da ƙananan haruffa, a gaban mutumin da ɗansa ke kwance a asibiti ana jiran kuɗin magani, a manhajar da ba ta buɗuwa sai an danna, wannan ba zaɓi ba ne. Ko da kuwa an ɗauka ya karanta ya fahimta, akwai abin da yarjejeniya ba ta halattawa. Ba a sa hannu a takarda cewa an yarda a kira mutum ɓarawo alhali bai yi sata ba. Wanda ya makara wajen biyan bashi sunansa wanda ya makara. Sata laifi ne da kotu kaɗai ke tabbatarwa.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi, kuma ya kamata a saurare ta da kunnen basira. Ana cewa mutanenmu suna da taurin bashi. Akwai masu cin rance da niyyar ba za su biya ba, su cire layin waya su jefar, har a shafukan sada zumunta ana koya wa juna yadda za a cinye kuɗin manhaja a kwana lafiya. Idan aka ɗaure hannun mai bin bashi, in ji masu wannan magana, sai ya daina bayarwa, talakan da banki ba ya kallo shi ne zai rasa. Gaskiya ne akwai irin waɗannan mutane, kuma abin da suke yi cin amana ne da bai kamata a yi masa kwalliya ba. Sai dai a duba wanda tozarcin yake kamawa. Ƙwararren macuci ya shirya tun farko: sabon layi, waya marar lambar kowa, ba shi da surukin da za a kira. Wanda saƙon yake ragargazawa shi ne malamin firamaren da albashinsa ya makara, da mai sayar da abincin da jarinta ya karye, mutanen da suka yi amfani da wayarsu ta gaskiya domin da niyyar biya suka karɓa. Makamin yana tsallake mai laifi ya sari mai gaskiya. Sannan kuɗin ruwan da ya kai kashi 30 a mako ai an riga an lissafa asarar waɗanda ba za su biya ba a cikinsa. Wanda ya karɓi ladar kasada sannan ya ƙi yarda da kasadar, sau biyu yake so a biya shi. Idan kuma hana tozarci zai sa kamfani ya fara tambayar ko mutum zai iya biya kafin ya ba shi, ai wannan shi ne abin da ya kamata ya yi tun farko. Rancen da ba zai yiwu ba sai an riƙe mutuncin mutum a hannu, rashinsa ba asara ba ce ga talaka.

Kuma ba gaskiya ba ne cewa mai bin bashi ba shi da wata hanya. Wata doka ta 2017 ta tsara aikin kamfanonin da ke ajiye tarihin bashin jama'a, irin su CRC da FirstCentral da CreditRegistry. Wanda ya ƙi biya ana iya shigar da sunansa, gobe ya je neman rance a wani wuri a ga tarihinsa a hana shi. Hukunci ne mai zafi, amma yana tsakanin masu ba da rance, ba ya zuwa kunnen surukai. Tun watan Agustan 2020 Babban Banki ya ba bankuna tsarin GSI, wanda da shi ake iya cire uwar kuɗi da ruwan da ya taru daga duk asusun mai bashi a wasu bankunan ta hanyar BVN ɗinsa, ban da tarar jinkiri. Ga kotunan ƙananan da'awa, waɗanda Legas ta buɗe a 2018, Kano ta bi baya a 2019, aka fara da da'awar da ba ta wuce naira miliyan 5 ba, ba sai da lauya ba, da burin gama shari'a cikin kwana 60. Ga kotunan shari'ar Musulunci da talakawan Arewa suka fi sabawa da su, inda maganar bashi take cikin abin da alƙalai ke saurare kullum. Za a ce kotu tana da jinkiri kuma kuɗin shigar da ƙara kan fi bashin dubu goma. Haka ne, kuma dalili ne na a gyara kotu. Jinkirin kotu bai taɓa zama lasisin ɗaukar doka a hannu ba. Da haka ne, da mai fili ma sai ya ɗauki adda.

Wasu kan kawo misalin manya. Ai a 2015 Babban Banki da kansa ya umarci bankuna su buga sunayen masu taurin bashi a jaridu, hukumar AMCON mai karɓar munanan basussukan bankuna ma ta yi haka, to me ya sa na manhaja ya zama laifi? Ni ko wancan ɗin ban cika sha'awarsa ba, amma bambancin a bayyane yake. Wancan bashin miliyoyi da biliyoyi ne da ya daɗe ba a biya ba, na kuɗin masu ajiya da na gwamnati, an ba masu shi wa'adin wata uku kafin a buga, hukuma mai iko ce ta yi umarni, kuma abin da aka buga suna ne da adadi. Ba a ce wani ya mutu ba, ba a kira mahaifiyar kowa ba. Abin lura ma, attajirin da aka buga sunansa yana da lauyoyin da za su shigar da ƙara washegari. Mai bashin dubu goma ba shi da kowa sai kunyarsa.

Zai zama munafunci a tsaya a kan kamfanonin Legas a kau da kai daga abin da muke yi a kasuwanninmu da unguwanninmu, domin tun kafin a ƙera wayar hannu muke da namu salon. Mafi muninsa shi ne mayar da ofishin 'yan sanda wurin karɓar bashi. Mutum ya karɓi kaya a kasuwa bisa amana, ciniki ya faɗi, wa'adi ya wuce, sai mai kaya ya rubuta takardar ƙorafi ya canza wa abin suna, bashi ya koma zamba cikin aminci. A je a kamo mutum, yawanci ranar Juma'a da yamma don ya kwana biyu ko uku a bayan kanta kafin Litinin, a sa shi ya rubuta alƙawarin biya a gaban jami'i, 'yan'uwa su yi karo-karo, a kuma biya kuɗin belin da aka rubuta a bango cewa kyauta ne. Idan ba a same shi ba a tafi da matarsa ko ƙaninsa ko tsohonsa har sai ya fito. Duk wannan haramun ne a doka da baƙaƙen haruffa. Sashe na 8 na dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 ya hana kama mutum saboda saɓanin ciniki ko saɓa yarjejeniya kawai, sashe na 7 ya hana kama wani a madadin wani, dokar 'yan sanda ta 2020 ta maimaita duka biyun, kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara da Kotun Ƙoli sun sha faɗa cewa 'yan sanda da EFCC ba hukumomin karɓar bashi ba ne. Kotuna sun sha sa mai ƙorafin da ya jawo kamun ya biya diyya tare da jami'an. Amma da yake mai kayan yakan zama babba a kasuwa, wanda aka kama kuma yaronsa ne ko abokin cinikinsa, sai kowa ya yi shiru a ce ai shi ya jawo wa kansa. Ɗan kasuwar da ya yi tir da saƙon manhaja da safe, ya kai yaronsa caji ofis da yamma, abu ɗaya suka yi da kamfanin, kayan aiki ne kawai suka bambanta. Alhali kasuwanninmu suna da shugabanni da dattawan da suka iya zaunar da mutum biyu, a duba littafi, a yanka biya kashi-kashi, kowa ya tashi da mutuncinsa.

Akwai kuma wata magana da ake yi a majalisu wadda take rufe bakin mutane da yawa: wanda ya je ya ci bashin riba ai shi ya sayi wulaƙanci da kuɗinsa, sai ya ɗanɗana. Haramcin riba ba abin musu ba ne a wurin Musulmi, kuma ya dace malamai su ci gaba da jan kunne. Sai dai zunubin wani ba ya halatta zaluntarsa, kuma mai karɓar ribar ba shi ne zai zama sandar hukunta wanda ya ba shi ba. Addinin da ya haramta riba shi ne ya fi kowa tsara maganar bashi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, kuma aya ta 280 ta yi umarnin a jinkirta wa wanda yake cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Hadisi ya kira jan ƙafar mai hali wajen biya zalunci. Malaman fiƙihun Malikiyya da muke bi sun raba tsakanin wanda yake da shi ya ƙi biya, da wanda ba shi da shi, da wanda ba a san halinsa ba, kowanne da hukuncinsa. Na farkon ana iya matsa masa har da tsarewa, na biyun kuwa ba a taɓa shi. Abin da ya kamata a riƙe shi ne wanda yake rarrabewa da zartarwa alƙali ne, bayan bincike. Ba a taɓa miƙa wa mai bin bashi wannan aiki ba, domin an san mai bin kuɗinsa ba ya ganin uzuri. A lokacin da cire tallafin mai a Mayun 2023 da faɗuwar naira suka kai hauhawar farashi sama da kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024, mafi ƙarancin albashi kuma yake naira 70,000, ba sai an yi dogon bincike ba kafin a san wane rukuni ne ya fi yawa a cikin masu makara.

Inda gwamnati ta gaza shi ne aiwatarwa, kuma a Arewa gazawar ta fi fitowa. An kori manhaja daga Play Store, ta dawo da sabon suna, ko ta koma aika hanyar saukewa ta WhatsApp inda dokar Google ba ta kai ba. Da yawansu da lasisin jiha na masu ba da rance suke aiki, don haka ƙa'idojin Babban Banki ba su hau kansu kai tsaye ba. Tara kuma tana shiga asusun gwamnati, wanda aka ɓata wa suna ba ya ganin ko kwabo, ba kuma a tilasta wa kamfanin ya sake aika saƙo ga mutanen nan ɗari uku ya ce ƙarya ya yi. Wannan gyara ne da ya kamata a sa cikin kowane hukunci: wanda ya ɓata da bakinsa ya wanke da bakinsa, ya kuma biya diyya ga mai sunan. Hanyoyin kai ƙorafi kusan duka da Turanci suke kuma ta intanet, a yankin da ya fi ko'ina yawan mutanen da ba su saba da harkar banki ba. Hukumar da take son talakan Gusau ko Azare ya san haƙƙinsa, gidan rediyo za ta je da Hausa, ta buɗe layin da za a kira a yi magana da mutum. Kwamishinonin 'yan sanda kuma ba sa bukatar sabuwar doka kafin su hukunta jami'in da ya mayar da ofishinsa wurin karɓar bashi. Wadda ke hannunsu ta isa.

Amma babbar garkuwar masu wannan aiki ita ce shirun waɗanda aka yi wa. Kunyar da aka riƙe jingina ita ce kuma take hana kai ƙara, domin mai ƙorafi sai ya fara amsa cewa ya ci bashi. Hausawa sun daɗe da warware wannan da suka ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Gwamnatin Tarayya ana binta, jihohi ana binsu, manyan attajiran ƙasar nan da rancen banki suka gina masana'antunsu. Wanda aka yi wa barazana kada ya goge saƙon. Ya ɗauki hotonsa, ya rubuta lambar da lokacin kiran, ya nemi a ba shi lissafin abin da ake binsa a rubuce, ya biya abin da ya tabbata a kansa gwargwadon ikonsa ta hanyar da za ta bar shaida, sannan ya kai ƙorafi FCCPC da NDPC, in banki ne ya fara da bankin sannan Babban Banki. Kafin ma a karɓi rance, FCCPC tana wallafa jerin kamfanonin da ta amince da su, dubawa ba ta cin minti biyar. Wanda aka tsare saboda bashi, ko aka tsare ɗan'uwansa a madadinsa, yana da damar zuwa babbar kotu neman haƙƙinsa da diyya, kuma Hukumar Ba da Tallafin Shari'a da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam suna da ofisoshi a jihohi.

Kai kuma da saƙon ya shigo wayarka da hoton ɗan'uwanka, kai ake so ka ƙarasa musu aikin. Ba ka ci bashin ba, ba ka sa hannu a matsayin mai tsayawa ba, don haka ba wanda yake binka ko naira ɗaya. Kada ka tura wa kowa, kada ka kai maganar majalisa. Kira mutumin ka tambaye shi halin da yake ciki, ka ajiye saƙon, domin ranar da zai kai ƙara kai ne shaidarsa.